Motar Kawu Idi da Tayoyin da Suka Gaza a Hanyar Jugu

Mun bar Paraku ƙarfe biyar da kwata, ana sallame asuba, a motar da rabin unguwar Kpebiye ya fito kallo. Kawuna Idi ya saye ta a hannun wani Bature da ya ƙetaro Sahara. Mota ce, amma ciki ɗaki ne, da gado da murhu da tankin ruwa. Kakata za mu kai Jugu ta ga yayanta da ke kwance ba lafiya. Shekara shida rabonsu da juna, don ciwon baya ya hana ta zama a taksi.

Ni faci ne sana'ata, don haka tun ana gobe tafiya na yi magana. Tayoyin Baturen sun suɗe, Kawu ya musanya su da na ƙaramar mota saboda sun fi sheƙi.

"Kawu, ku dubi rubutun nan a gefen taya. Kowace kilo ɗari huɗu da hamsin take ɗauka. Motar nan ko ba kowa ciki ta fi ƙarfinsu."

"Taya ta iya karatu ne?" in ji shi. "Ƙara mata iska."

Ya loda buhun gishiri takwas na tsaraba, da rago, ya cika tanki, sannan ya ɗora kansa, shi kuwa ba ƙaramin jiki gare shi ba.

Turu, 5:45

Ko gari ba mu gama fita ba na leƙa na ga tayoyin baya sun baje kamar waina. Kaka tana kwance tana jan carbi, ragon yana cin labule.

Beteru, 7:30

Kafin gada akwai shingen 'yan sa-kai na juyin juya hali. A lokacin kowa kamarad ne, har Kaka. Shugabansu ya leƙo, ya ga murhu da gado, ya daɗe yana tunani.

"Kamarad, wannan mota ce ko gida? In gida ne, ina takardar fili?"

Kawu ya buɗe baki ke nan, tayar baya ta hagu ta fashe, ɗum! Kafin in ƙifta ido babu kowa a shingen. Uku sun faɗa kwata, ɗaya yana bayan ganga yana ihu da Faransanci wai an kawo hari. Suna ɗago kai ta dama ita ma ta tashi, suka sake nutsewa.

Da suka fito, jikinsu duk taɓo, dariya ta ƙare. Shugaban ya ce za a tsare motar kwana uku a bincika. Ga shi an aiko mana cewa yayan Kaka ya daina cin abinci.

Sai Kaka ta buɗe taga.

"Ɗan nan, kana da uwa?"

"Ina da ita, Kamarad Hajiya."

"To ba hari ba ne, wautar ɗana ce. Idi, sauka. Kai da gishirinka da ragonka."

Haka aka yi. Na saka safaya, na sayi wata tsohuwar taya a wajen wani mai faci, na zubar da ruwan tanki. 'Yan sa-kan da kansu suka tsayar da wata motar doya suka loda gishirin, suka ɗora Kawu a sama, rago a cinyarsa.

Jugu, 2:10

Ni na ja motar, tafiyar keke. Kilomita ɗari da talatin da wani abu suka ci mana awa tara. Mun tarar da tsohon da sauran ƙarfi. Ya kama hannun Kaka ya ce, "Kin tsufa." Ta ce, "Kai ne yaro." Ranar ya sha kunu kofi biyu.

Kawu ya iso bayan la'asar, fuska ja wur da ƙura, bai kula kowa ba. Washegari ya ja ni kasuwa, ya tsuguna yana bin rubutun gefen tayoyi da yatsa, yana tambayata a hankali kada a ji. Muka ɗauki huɗu masu ɗaukar kilo ɗari takwas-takwas.

Komowa

Kwananmu uku. Muka taso ƙarfe shida, sha ɗaya muna ƙofar gida, ko faci ɗaya ban yi ba. Sai dai Kaka ta ƙi sauka. Ta ce bayanta bai taɓa samun gado irin wannan ba, a kawo mata buta da tabarmar salla. Motar ba ta ƙara motsi ba, sababbin tayoyin suka tsufa a gindin mangwaro. Mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma sada tsofaffin nan biyu tun suna gane juna.