Zuwera a Turken Akuyar Malam

Zuwera 'yar Yendi ce. Aure ya kawo ta Salaga, auren ya mutu, ita ta zauna. Tun tana tallan tubani na san halinta: in ka ce ta wanke kwano, sai ta wanke har furen da ke jikinsa ya goge. Shi ya sa da Madam Mudassira ta buɗe ɗan kamfaninta na kula da tsofaffi a gidajensu, ita ta fara ɗauka. Aka ba ta farar riga da safar hannu, aka ja mata kunne a kan doka ɗaya: kada a bar komai a ƙasa da tsoho zai yi tuntuɓe da shi.

Aka tura ta gidan maƙwabcina, Malam Abdul-Kadiri, wanda idonsa ya tafi tun maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da rai. Ɗansa Fadlullah ya riga ya rantse, in tsohon ya sake faɗuwa, zai ɗauke shi ya kai Bawku wurinsa. Malam kuwa ya ce a Salaga uwarsa take kwance, nan zai jira nasa lokacin.

Zuwera ta shiga da bismillah. Ta kai turmi bayan ɗaki, ta mirgina dutsen alwala waje. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ma, ta ce igiyarta haɗari ce, ta sa aka kai wa mahauci. Gida ya yi fayau kamar filin idi.

Washegari da hantsi aka tsinci Malam a hanyar Makango, riƙe da buta, yana tambayar masu kifi ina aka mayar masa da bayi. Ashe da waɗannan kayan yake gane gidansa. Ƙafa ta taɓa turmi, ya miƙe. Akuya ta yi kuka, ya juya hagu.

"Ke Zuwera, kin share gidan har da ni," ya ce.

"Baba, doka ce."

"Dokar ta san hanyar bayi?"

Madam ta ce abin da ba zai ɗauku ba, a mayar da shi mazauninsa a kafe shi. Aka kira Amidu magini, ya dasa turmi da dutse da siminti. Butar ma sai da na leƙo ta katanga na roƙe su, sannan suka fasa kafe ta. Akuya ce ta gagara, don an riga an cinye ta, Madam kuma ta hana sabuwa, wai dabba ba ta zama da majinyaci.

Labarin Makango ya kai Bawku. Fadlullah ya iso da mota, har ya shimfiɗa wa uban katifa a baya. Yana shiga ya ga tsohon ya fito, ya taɓa turmi, ya miƙe. A gindin turke kuwa ga Zuwera tsugune cikin farar riga da safar hannu.

"Meee," ta ce, da natsuwa.

Malam ya juya hagu, tiryan-tiryan har bayi.

"Mma Zuwera, lafiya kuwa?"

"Ina kan aiki, Alhaji. Kada ka sa baki ka ruɗa shi."

Da Malam ya dawo, ɗan ya ce, "Baba, ka san ba akuya ba ce?"

"Idona ne ya tafi, ba hankalina ba. Waccan ta cinye mini rawani, wannan kuwa koko take dama mini. A Bawku wa zai yi mini kukan?"

Fadlullah ya kira matarsa Fauziya a waya ya tambaye ta ko za ta yi kukan. Amsarta har ni da ke bayan katanga na ji, na yi istigfari.

Da katifarsa kaɗai ya koma.

Malam yana nan Salaga. Ranar Juma'a, da Zuwera ke hutu, ni take bar wa turken. Kukan ya fi ƙarfina, tari nake yi. Yana juyawa hagu dai, amma ya ce a nema wa akuyar magani.