Waƙar Goggo Hajara da Kiɗan Bajapane

Ranar Laraba ta farko bayan hutun babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu a firamaren unguwarmu ta Ruwais, malamin Larabci ya umarci kowane ɗan baƙi ya tashi ya gabatar da wani abu na ƙasar iyayensa. Ni a Jidda aka haife ni, ban taɓa taka Najeriya ba, Hausata ma a lokacin ta fi ƙarfi a kunne a kan baki. Abu guda na mallaka na can, wato waƙar da Goggo Hajara, yayar mahaifina, take rera mana. Aikin Hajji ya kawo ta tun kafin haihuwata, ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, tana wanki da guga a wani gida a Aziziyya. In ta dawo da yamma, muna tsince shinkafa a faranti ko muna jera jarkokin ruwa a bakin ƙofa, sai ta ɗauko baitocinta na tsuntsun da ke neman hanyar gida. Ban taɓa shakkar cewa daga ƙauyensu ta zo da su ba.

Na miƙe na sanar da ajin cewa wannan tsohuwar waƙar Hausawa ce. Ban kai ƙarshen baitin farko ba wani yaro daga baya ya kama karin, wani ya bi shi, nan da nan aji duka ya ɗauka ana buga tebura, har suka wuce inda ni na sani. Ashe kiɗan wani wasan na'ura ne da ake jonawa da talabijin, wanda yawancinsu suke da shi a gida, kuma wani Bajapane ne ya tsara shi. Malam ya ce halas, ya isa haka, in zauna, ya ƙara da cewa ƙarya ba ta dace da ɗalibi ba. Har yau ina ganin zalunci ne, domin bai tambaye ni komai ba kafin ya yanke hukunci.

Na iske Goggo a saman gida tana shanya, na gaya mata cikin kuka. Ko zanen da take matsewa ba ta ajiye ba.

"Ta bango nake jin sa, Habibu, in ina guga yaran gidan suna wasansu. Waƙoƙinmu na gida duk sun gudu daga kaina, ga ku kuna kuka. Me zan rera muku, in ban ɗora masa kalmomina ba?"

Yau sunan Bajapanen nan ya game duniya, manyan zaurukan taro suna cika don kiɗansa, 'ya'yana ma sun san fuskarsa a waya. Ba na jayayya da haƙƙinsa, aikinsa ne. Goggo kuwa wani samame ya rutsa da ita aka mayar da ita gida, can ta rasu, ba wanda ya taɓa ambaton ta da sunan mawaƙiya. Duk inda aka saki kiɗan nan, jama'a Japan suke ji, ni kuwa Hausa nake ji.