Ƙullin mahaifiyata a hannun maƙerin Omdurman

Shekarun baya, lokacin da kuɗi ke narkewa a aljihu, na so in sayi jaki da amalanke in riƙa ɗauko jan bulo daga Aljirif, can bakin kogi. Ba ni da ko sisi. Banki kuwa, wanda bai iya sa hannu ba me zai kai shi?

Mahaifiyata ta cire awarwaronta na zinariya, gumin tsinkar audugarta a Jazira, muka kai jingina wurin wani tsohon maƙerin zinariya a kasuwar Omdurman. Ya auna, ya ce, "Hajja, ƙulle shi da hannunki." Ta naɗe a tsumma ta ƙulle. Ya ba ni kuɗi na wata shida, ba ƙari.

Wata na huɗu kogi ya cika ya cinye wurin bulo. Jakin ma ya mutu, kamar dama jira yake. Ni a sanina, jingina in ta wuce wa'adi ta tafi ke nan. Sai na daina bi ta layin maƙera, shekara guda cur. In mahaifiyata ta tambaya, in ce, "Yana nan lafiya."

Wata Juma'a ina ƙofar gida a unguwarmu ta Hajj Yusuf, sai ga tsohon yana dogara sanda.

Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ka wahalar da ni. Mota uku na hau."

Na ce, "Baba, ai kaya sun zama naka."

"Wa ya karantar da kai haka? Jingina amana ce. Ko a sayar in cire nawa ku karɓi saura, ko ka biya kaɗan-kaɗan. Mai abu za ta zaɓa."

Mahaifiyata ta fito, ya miƙa mata tsumman. Ta juya shi, ta ce, "Ƙullina ne." Ta mayar masa. "Ba za a sayar ba. Wannan ƙaton zai biya."

Na biya, da dako a kasuwa. Lokacin kuɗin ko kunnen jaki ba za su saya ba, amma bai ƙara komai ba.

Ni ban yi karatu ba, kuma na gaji da jin wa'azi. Amma har yau in na ji ana jayayya kan cinikin halal, tsohon nan nake gani yana haki a ƙofarmu. Da awarwaron a hannunta mahaifiyata ta cika.