Tsamiyar Yaya Nicasio

Ɗauke min wannan abin daga kan tebur, Dalia. Ɗauke shi na ce. Lemon roba da batir a gindi, wai fitila. Ofishin magajin gari ne ke rabawa? To ki mayar musu da abinsu. Har da sunan yayana a jiki, ko? Ni ban yi makaranta ba, amma na san kamannin sunansa, na sha ganinsa a kan kabari.

Zauna. Tunda kin shigo min da shi gida, sai kin ji ko wane ne Nicasio, don wanda suke faɗa a lasifika ranar fareti ban san shi ba.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Masunci ne kamar kowane namiji a layin nan. Ba ya son takalmi, ba ya son yawan magana, in ya ce miki kalma biyar a wuni to yana cikin farin ciki. Bai yi aure ba. Gemunsa tun yana da ƙarfinsa ya yi fari fat, ya sauko har ƙirji, in yana cin miyar kifi sai ya cusa shi cikin riga. Wata shekara iskar arewa ta same su a teku su uku, shi da mijina Evaristo, wato kakanki, da wani maƙwabcinmu Tiburcio. Jirgin ya kife. Nicasio kaɗai ruwa ya dawo da shi, rungume da jarkar mai. Sauran biyun ko hularsu ba a gani ba. Daga ranar bai sake shiga jirgi ba. Ya koma gyaran raga a gindin wata tsamiya da ke ƙarshen layinmu, daidai inda hanya ta ƙare yashi ya fara. Inda yanzu kuke tsayawa kuna ɗaukar hoto.

Kin san al'adar reshe, kin bi shi kina ƙarama. Kwanakin nan kafin Kirsimeti a saro reshe a yi masa ado, a bi gida-gida da jita da waƙa, masu gida su fito da tamal, alalar masarar nan da ake naɗewa a ganye, ko 'yan kuɗi, in sun hana a yi musu waƙar tsiya a wuce. A zamaninmu fitilun reshe da ɓawon lemo ake yi. A yanke kan lemon, a kwashe cikin da cokali, a fafe 'yan tagogi a jiki, a dasa guntun kyandir, a soka waya a rataye. In an kunna, layi duk ya ɗauki ƙamshin ɓawo yana ɗumi. Kowa ya iya. Amma Kirsimetin da ya biyo bayan kifewar jirgin, Nicasio ya yi guda biyu, bai sa su a reshen kowa ba. Ya je ya rataye su a tsamiya, a reshen da ke kallon teku. Ɗaya ya yanka mata tauraro, irin alamar da Evaristo ke yi wa ragarsa. Ɗaya kifi, alamar Tiburcio.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ba su da kabari. Su ma su ga Kirsimeti."

Shekara ta zagayo sai ga matan layi, kowace da lemonta a hannu. Wadda ruwa ya ci mijinta, wadda ya ci ɗanta, wadda ya ci ubanta tun ba a haife ni ba. "Nicasio, sa wa nawa." Bai iya rubutu ba, don haka kowa da alamarsa, ƙugiya, wata, giciye, kaguwa, kuma bai taɓa rikita su ba. In ɓawo ya yanƙwane ya yi sabo. Da yamma in ya kunna, mu mata mu kawo kujeru mu zauna a ƙasa muna hira, wata ta yi wa mijinta faɗan da ba ta ƙarasa ba. Wannan tsamiyar ita ce makabartarmu, ba mu da wata.

Sai Hermelinda, wadda muke ce wa Melinda. 'Yar Tiburcio ce, tana ƙarama uban ya tafi. A tukunyarmu ta girma, ni na cire mata ƙwarƙwata da hannuna, Nicasio ne ya biya mata takalmin shiga coci. Ta girma ta auri kansila, ta koma gidan bene a bakin ruwa. Lokacin otal-otal sun fara tsirowa, baƙi na zuwa hutun ƙarshen shekara. Aka naɗa ta shugabar kwamitin adon gari.

Ado kuwa mun gani. Aka manna auduga a kan katangu wai dusar ƙanƙara. A garin nan, Dalia, inda a watan Disamba kare ke neman inuwa. Aka jera wasu fararen mutum-mutumi masu hancin karas, da bareyi na roba. Mu da muka san ƙanƙara a wajen mai sayar da kifi kawai. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, mutanen layin nan murna suka yi, don an yi musu fentin ƙofa kyauta.

Wata rana ta zo gindin tsamiya da lema a hannu. Ina wurin, na kawo masa abinci.

Ta ce, "Don Nicasio, barka da aiki."

Bai ɗago daga ragar ba ya ce, "Yaushe na zama Don, kamar wani babban mutum? Da Kawu kike ce min."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce an sayo wata babbar bishiyar Kirsimeti ta roba daga babban birni, kuma nan ne wurin da ya dace da ita, don daga otal ana hango shi.

Ya ce, "Nan akwai bishiya."

"Kawu, wannan ai ta tsufa. Ga ɓawon lemo na jawo ƙuda."

Na ce, "Ɗaya daga cikin ɓawon na ubanki ne, Melinda."

Ta ce, "Inna Casilda, ba da ke nake ba."

Ta tsaya tana kallon gemunsa, sai ta sauya murya. Wai suna neman wanda zai yi Baba Kirsimeti a dandali, baƙi su riƙa ɗaukar hoto da shi, kuma gemun auduga ba ya kyau a hoto. In zai sa jajayen kayan ya zauna musu kowace yamma har Kirsimeti, ita za ta sa a kai bishiyar robar wani wuri, a bar masa tsamiyarsa.

Ya ce, "Kin yi alkawari?"

Ta ce, "Da bakina."

Da ta tafi na hau shi da faɗa. Na ce, "Yaya, kanka ɗaya? Kai da ko rigar coci ba ka iya sa wa maɓalli, za ka shiga bargo a wannan zafin su mai da kai biri?"

Ya ce, "Zufa ce kawai, Casilda. Wankewa ake yi."

Haka ya yi ta zama. Kaya masu kauri kamar buhu, da hula, da wasu baƙaƙen takalma da suka sale masa dunduniya. Baƙi na jan gemunsa su ji ko na gaske ne. Wani mai hoto yana ce masa, "Tsoho, yi dariya mana, wa ya mutu?" Ƙuraje suka feso masa a baya, ni ke shafa masa garin sitaci. Kullum kafin ya tafi dandali sai ya rataye fitilunsa, in ya dawo ya kunna. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ni na yi masa nasa na yi nawa.

Ana gobe jajiberin Kirsimeti, da la'asar, ina suyar kifi sai na ji ƙarar injin yanka katako. Na fito da cokali a hannu. Wasu ma'aikata ne da ba 'yan garin nan ba, sun riga sun zubar da rassa, suna kan gindin. Mutanen layi kuma kowa yana tsaye a bakin sabuwar ƙofarsa mai fenti, hannu a ƙirji. Maza masu ƙarfi, waɗanda ke jan jirgi su kaɗai. Ba wanda ya tako ya hana. Na ruga ina zagi, na jefi mai injin da takalmina. Babbansu ya ce, "Uwa, mu aiki aka ba mu. An ce saiwarta na fasa sabon siminti." Fitilun kuwa an share su gefe da ganye, kamar shara.

Na tafi dandali da takalmi ɗaya. Na same shi wata baƙuwa ta rungumo wuyansa ana ɗaukarsu hoto. Na ce, "Yaya, tashi. Sun sare ta."

Ya cire takalman nan ya ajiye a gefen kujera, ya biyo ni da jajayen kayansa. Da muka isa ya daɗe a tsaye yana kallon kututturen. Na ɗauka zai faɗi. Sai ya shiga cikin rassan da aka zubar yana ɗagawa ɗaya-ɗaya, har ya samo wanda ke kallon teku, ya gane shi da shatin waya a jiki. Ya sassabe shi daidai abin da kafaɗa za ta ɗauka. Ya tsuguna a tarin sharar yana tsintar fitilu. Yawanci an tattake su.

Ya ce, "A kawo min lemo."

Sai ga mata suna fitowa, kai a ƙasa, kowace da lemo da cokali. Na ce musu, "Yanzu kuka sami ƙafafu?" Muka zauna a ƙasa muna kwashe ciki, shi yana yanka alama. Rana na faɗuwa ya kunna su duka, ya saɓa reshen a kafaɗa, ya kama hanya.

Ba jita, ba waƙa. In ya zo ƙofa sai ya tsaya, ya juyo da fitilar mamacin gidan, ya ce, "Ga Ausencio ya zo. An tashe shi daga inda yake." Gida na gaba, "Ga Fortino da ɗansa." Mazan nan da suka tsaya kallo ɗazu suka riƙa cire hula. Wasu suka fito da tamal, don sun saba in reshe ya zo ƙofa ana ba shi wani abu, sai suka tsaya da faranti a hannu ba su san wa za su miƙa wa ba. Ana kuka, ana bin bayanmu. Ni kukan nan haushi ya ba ni, har yau yana ba ni. Da sun fito da rabin wannan taron da la'asar, da injin bai taɓa ta ba.

Muka isa gidan Hermelinda. Ana liyafa a saman bene da masu otal, ana kiɗa. Ya tsaya a bakin get ya ɗaga kai ya ce, "Melinda, ga babanki."

Ta leƙo da kofi a hannu. Ta ga reshe, ta ga kifin da ke haske, ta ga jama'a. Da ta sauko a lokacin, da na yafe mata. Amma ta waiwaya ta kalli baƙinta, sai ta ce, "Don Nicasio, ka zo ofis bayan biki mu yi magana. Kuma ka lura da kayan nan, na hukuma ne, kada kyandir ya ɗiga a kai."

Ta turo mai aikinta da farantin alewa da 'yan peso, kamar yadda ake sallamar kowane reshe.

Nicasio ya miƙa min reshen ya ce in riƙe. Ya cire hular, ya cire rigar, ya cire wandon, ya rage daga shi sai gajeren wandonsa, bayansa duk ƙuraje. Ya ninke kayan tsaf ya rataye a get. Wata ta ce masa, "Bar mata fitilar uban a nan, ta gani da safe."

Ya ce, "A'a. Ba a buɗe masa ba. Zai bi mu."

To gidan da ya hana reshe, waƙar tsiya ake masa, haka muka gada. Na buɗe baki. Ya ce, "Casilda, bari." Ban bari ba. Na rera mata cewa gidan nan dogo ne amma ba kowa a ciki, mai gidan ta sayar da inuwa ta sayi auduga. Matan suka amshe. Sai da suka ƙara ƙarar kiɗansu a sama.

Tsamiya dai ta tafi. Washegari aka tone kututturen aka kafa ta robar, gishirin teku ya cinye ta cikin 'yan shekaru, aka sayo wata. Nicasio bai sake zama a wurin ba, ko ta nan bai sake bi ba. A tsakar gidan nan ya ci gaba da gyaran raga. Amma kowace shekara yana saro reshe, ya yi fitilunsa, ya bi ƙofa-ƙofa yana kiran sunaye, har ƙafafu suka ƙi. Kowace shekara kuma yana tsayawa a get ɗin nan ya ce ga babanki. Ba ta taɓa buɗewa ba. Ranar jana'izarsa ce ta zo, da furen da sai da mutum biyu suka ɗauka.

Yanzu su ne ke fareti wai Reshen Don Nicasio, da lemon roba, duk iri ɗaya, ba tauraro ba kifi. Baƙi na tafi, wani yana sa gemun auduga yana ɗaga hannu. Kin taɓa jin sun kira sunan mutum ɗaya? Ko ɗaya?

Miƙo min kwandon lemon can, da ƙaramar wuƙa, da cokali. Idona ba ya ganin yanka, ke za ki yi, ni zan riƙe miki hannu. Tauraro na kakanki. Ki ɗauko wani lemon ki yi kifi, Tiburcio ba shi ya sare tsamiyar ba. Nicasio ba ya buƙata, shi yana da kabari. Wannan na robar kuma kada in sake ganinsa, ko a shara ta gidan nan.