Yashin Da Ɗana Ya Kawo Daga Teku

Ko da za a ƙara mini wani tsawon rai a kan wanda na yi, ba na jin zan manta da ranar da na cusa hannuna cikin ruwan teku, alhali ina tsaye a tsakiyar garin Jega.

Ɗana na fari ya daɗe yana aiki a bakin teku can kudu. Da ya dawo gida sai ya taho da wani akwatin gilashi, ya girke shi a ɗakinsa. A ƙasa farin yashi, a kan yashin duwatsu masu wasu tsirrai kamar furanni, wai ba tsirrai ba ne, rai gare su. Sai kifaye biyu 'yan mitsi-mitsi, ja-ja da ratsin fari. Gishirinsu ma ba na miya ba ne, a buhu ake aiko shi daga Legas. Unguwa kaf ta zo kallo. Wani mahauci maƙwabcinmu ya leƙa ya ce, "Yo wanga ko miyar yaro guda ba ya yi, mi za a ci a nan?" Aka yi ta dariya.

Ni kaɗai ce ban shiga ba. Mu a zamaninmu ba a kama sunan ɗan fari, ba a nuna sha'awar abinsa a gaban mutane. Ya kan tsaya bakin ƙofata ya ce, "Inna, ba ki zuwa ki ga kifaye?" In ce, "Na ga kifi a gulbi." Ya yi murmushi ya wuce.

Sai Allah Ya karɓi abinSa, ciwon kwana kaɗan.

Matarsa ta shiga takaba. Yarinya ce mai haƙuri, mutuniyar Maiyama ce. Ba ta kuka a gaban kowa, ba ta cin abin kirki, amma kifayen nan ba ta taɓa bari sun kwana da yunwa ba. Su kaɗai suka rage a gidan masu numfashi daga hannunsa, don Allah bai ba su haihuwa ba. Na lura in kifin nan suka ci, ita ma ta kan taɓa fura.

Ana nan sai yashin ya fara baƙi daga ƙasa, furannin suka takure, kifayen suka rage walwala. Ta kira wani abokin marigayin a waya, ya ce dattin da ya daɗe kwance cikin yashin ya zama guba, sai an fitar da yashin gaba ɗaya.

Na ce, "To ki juye shi mana, mu wanke kamar randa."

Ta ce, "A'a Inna, ya ce in aka dama shi lokaci guda, dafin zai tashi ya kashe su. Sai kaɗan-kaɗan." Sannan ta ce, "Yashin nan, marigayi da hannunsa ya ɗebo shi."

Haka ta fara. Ta sa bakin tiyo a kusurwa guda, ya zuƙo yashi da ruwa ya zubo a bokiti, ta mayar da sabon ruwan gishiri, sai ta bar shi ya huta kwanaki. Ni ina waje ina zubar da bokiti, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Wata hantsi ina tankaɗe sai na ji, "Inna! Inna, ki taimake ni!" Ban san lokacin da na tsallake ƙofar nan da na ƙi tsallakewa shekaru ba. Ashe ta kai ga yashin da ke ƙarƙashin babban dutsen, dutsen ya karkace, wani baƙin abu kamar hayaƙi yana tasowa cikin ruwa. Kifayen sun haye sama suna buɗe baki. Hannunta guda na riƙe da dutse, guda na riƙe da tiyo.

"Ki riƙe mini dutsen in kawo ruwa. In ya faɗi shi ke nan."

Na ɗauraye hannu na cusa shi har gwiwar hannu. Gishiri ya shiga tsagar tafina, zafi kamar an zuba barkono. Ban saki ba. Tana zuƙe baƙin ruwa, tana zuba fari, tana salati. Hannuna ya yi sanyi ya mutu, bayana ya ƙage. A hankali ruwa ya washe. Sai ɗaya daga cikin kifayen ya sauko, ya zagaya yatsana, ya ɗan tsakure ni.

Ta ce, "Haka yake yi masa."

Nan fa, ya ku masu karatu, abin da na riƙe tun ranar da aka fita da shi ya ɓalle. Na kira sunan ɗana da bakina, karo na farko tun ranar suna. Ita ma ta fashe da kuka. Muka yi ta yi, hannuna na cikin ruwa, ba mai rarrashin wani.

Sauran yashin tare muka kwashe shi, sannu-sannu, har ta fita takaba. Kifayen suka rayu, furannin suka buɗe, yarinya ta koma cin tuwo. Da iyayenta suka zo tafiya da ita, ni na ce a ɗora mata akwatin a mota.

Yashin kuwa na wanke shi, na shanya, ya koma fari tas. Yana cikin ƙwarya a gefen gadona. Yanzu da ciwo ke hana ni taɓa ruwa, da shi nake taimama.

Abin da na koya shi ne, abin da ya daɗe kwance a ƙasan zuciya ba a barinsa ya ruɓe, ba a kuma dama shi lokaci guda. Kaɗan-kaɗan ake kwashe shi, kuma sai da mai riƙe maka dutse.