Makubar Kaka a Kan Tarazo

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci Ista a shekarar 1976, na dawo daga famfon bakin layinmu a Herwagana da bokiti a kai, sai na ji wani sauti daga sabon ɗakin da Baba ya gina, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga taɓarya a kan dutse. Na sauke ruwan na leƙa. Kaka ce, mahaifiyar Baba, durƙushe a tsakiyar ɗakin, ta ɗaure zani a ƙirji, ga ƙwaryar makuba a gefenta. Tana tsoma tsintsiya tana yayyafa jan ruwan a kan farin tarazo, daɓen siminti da tsakuwa da ba a daɗe da gama gurzawa ba, sannan ta ɗaga madaɓinta ta buga. Ruwan ya ƙi nutsewa. Ya kwanta a sama yana gangarawa kusurwa, ita kuma sai ƙara yayyafawa take yi. Shekarata tara a lokacin, na rasa ko in taya ta, ko in ruga in kira Mama.

Kaka ba ta so zuwa Gombe ba. Bayan rasuwar kakanmu a ƙauyenmu na ƙasar Tangale, Baba ya yi ta zarya yana roƙonta ta dawo wurinmu, har ya yi mata alkawarin ɗakinta na kanta. Da wannan alkawarin ta yarda ta hau mota, ta ce za ta gwada zaman, in ya karɓe ta. A cikin kayanta akwai tabarma, da tukunya, da madaɓin nan da hannu ya goge har ya yi sheƙi. A ƙauye ba a yi wa ɗakin kowa daɓe ba tare da ita ba. Na taɓa gani da idona a wani hutu: an baza ƙasa da tsakuwa, an jiƙa ɓawon ɗorawa a ruwa har ya yi ja, shi ne makuba, mata sun jeru a durƙushe suna bugu tare, Kaka na ba da waƙa suna amsawa. Ana gamawa a ci dafaffen wake a sha kunu. In shekara ta zagayo daɓen ya farfashe, a sake taruwa.

Shekarun nan kuɗin mai ya shigo, an ƙara wa ma'aikata albashi, layinmu ya cika da sababbin kekuna da rediyo. Baba akawu ne. Ya je wani aiki Bauchi ya ga tarazo a ofishi, ya dawo ba shi da zance sai nasa. Yakan ce, "Wannan in an yi shi an gama, har jikoki." Ya ɗauko wasu mutum uku 'yan kudu, suka sauke buhunan tsakuwar marmara fara da baƙa a tsakar gida. Mu yara abin ya ɗaure mana kai. Kullum da safe sai Mama ta sa ni share tsakuwa daga ɗaki, yau ga manya suna cakuɗa ta da siminti suna shigar da ita da kwano. Sun kafa siraran gilasai sun raba ƙasan gida-gida, suka zuba, suka lallaɓa, ya bushe ya fito da kaushi da muni, har ƙanena Bitrus ya tambaya ko ɗakin awaki ne. Ni dai ribata ita ce fararen duwatsun da na cika aljihu da su. A makaranta na zama sarauniyar carafke, 'yan ajinmu na ba ni gyaɗa don in ara musu. Daga baya aka kawo inji mai ƙara, ana zuba ruwa ana gurzawa, farin ruwa mai kauri kamar koko yana kwarara har bakin ƙofa. Da aka wanke, sai ga duwatsun sun fito a kwance sumul, kamar an yanka su da wuƙa.

Duk wannan hidimar Kaka na zaune a gindin darbejiya tana kallo. A ganinta maza sun yi nasu, sun baza tsakuwa sun daidaita, saura na mata. Lokacin ɗorawa ne, ta aike ni Kasuwar Gombe na sayo mata ɓawo, ta jiƙa a tukunyarta a bayan madafa. Ranar Lahadi bayan sujada ta bi tsofaffin matan coci da 'yar Hausarta tana cewa, "Asabar akwai daɓe, a zo da hannu." Wasu suka yi murmushi, wasu suka dubi Mama. Mama ta sunkuyar da kai. Ta san abin da ake ciki, amma matar ɗa ba ta gyara wa surukarta zance, balle a kan aikin da aka san ta da shi. Ta bar wa Baba ya faɗa. Baba kuwa yana ganin tukunyar kullum, ya ɗauka magani ne na ciwon gwiwa. Asabar ta zo, babu macen da ta leƙo, domin duk sun ji labarin injin. Kaka ta jira har rana ta ɗaga, ta shiga ita kaɗai.

Ina tsaye a bakin ƙofar Baba ya shigo da kekensa. Ya daɗe yana kallon jan ruwan da ya malale rabin ɗakin. Na jira tsawa, amma sai ya cire takalmi ya shiga ya durƙusa kusa da ita. Da yarenmu ya ce, "Mama, ki huta. Wannan ba ya son bugu, ba ya shan makuba. An riga an gama."

Ta ce, "Wa ya gama?"

Ya ce, "Masu aikin."

Ta shafa ƙasan da tafin hannu, ta dubi hannun. Ta ce, "To ni me zan yi masa?"

"Ki kwanta a kai kawai, Mama."

Ta ɗauki madaɓinta da ƙwaryarta ta fita. Ni da Mama muka yi ta dirza da sabulu da toka, amma jan ya riga ya kama, ya bar wani babban tabo ruwan goro daga tsakiya zuwa bango. Ranar Ista aka shimfiɗa tabarma a kai. Baƙi suka yi ta shigowa suna taka gefen da ke fili suna yaba sanyinsa a wannan zafi, wata ma ta ce kamar asibitin Turawa. Ni ban gane ba. An yi wa Kaka ɗakin da ya fi na kowa a layin, kowa na yi mata barka, ita kuwa tana amsawa kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Da baƙi suka watse na gan ta ta ɗage tabarmar tana duban tabon, fuskarta ta ɗan saki. Daren nan a kansa ta shimfiɗa ta kwana.

Bayan Ista Baba ya sake kiran masu injin. Na yi imani cewa da zuciya ɗaya ya yi, yana so ɗakin uwarsa ya zama ba aibi. Suka gurje tabon kafin azahar, suka shafa mai, ƙasan ya fi da kyau. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa har suka kwashe kayansu. Daga ranar ta mayar da tabarmarta tsohuwar madafa mai daɓen ƙasa, ta ce sanyin ɗakin na shiga mata ƙashi. Ruwan farko na sauka ta ɗaure kayanta ta ce za ta je ta yi shuka ta dawo. Baba ya yi magiya, fasto ma ya zo ya sa baki, ta ce masa, "Baƙo ba ya wuce damina a gidan mutane." Ba ta dawo ba. A ƙauye ta rasu bayan girbi na biyu. Na tambayi Mama dalilin tafiyarta, ta ce gona ce. Bitrus ya ce ƙarar inji ce ta tsorata ta. Baba bai taɓa cewa komai ba, sai dai shi ya koma kwana a ɗakin, har tsufansa.

Bara muka yi jana'izar Baba. Mutane suka cika gidan na Herwagana, aka ja kujerun ƙarfe, aka zubar da shayi da miya, aka ajiye manyan tukwane masu zafi a kan tarazon nan. Ko tsaga ɗaya babu a jikinsa, alhali tayil ɗin gidan Bitrus a Barunde har an sake shi. Masu gaisuwa sun yi ta faɗin haka, suna cewa marigayi ya san abu mai kyau, kuma gaskiya suka faɗa. Yanzu babu mai jiƙa makuba a unguwar, 'ya'yana ma ba su san kamannin madaɓi ba, ba su taɓa jin mata sun haɗa murya a kan ƙasan ɗaki ba. Da aka tashi daga zaman makoki na ɗebo ruwa na goge ɗakin ni kaɗai, shafa ɗaya, ya koma kamar ba wanda ya taɓa zama a cikinsa. Na zauna a bakin ƙofa ina jira ya bushe. Har yau ban san wanda ya yi kuskure a cikinsu ba, na dai san kowa ya so ya yi wa ɗakin abin da ya iya.