Hayaƙin da ya so cinye kujerar Makkar mahaifiyata

Shekarun baya, farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da duk inda ka zauna a Kano zancen shari'a ake yi, muna zaune a wani tsohon gida a Nassarawa GRA. Ni da maigidana mun ƙudurta biya wa mahaifiyata kujerar Makka. Sai dai da zarar kuɗin sun fara kauri, sai ƙirjin ƙaramar 'yata ya tashi, numfashinta yana fita kamar ana busa usur. Mu kwasa sai asibiti. Kuɗin gado, allurai, abin shaƙa, kafin a sallame mu asusun ya koma fayau.

Haka maniyyata suka yi ta tashi, mahaifiyata tana Gawuna tana bin jiragensu a rediyo. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Cewa take, "Ku nema wa takwarata lafiya tukuna. Ɗakin Allah yana nan, ba inda zai je."

Likita ya ce mu nisanta yarinyar da hayaƙi. Na daina turaren wuta, har da 'yar ƙwallata, kamar wadda aka raba da 'yar uwa. Amma ni na san inda gizon yake. Janaretan maƙwabtanmu a jikin katanga yake, daidai tagar ɗakin yara. Ana ɗauke wuta, hayaƙinsa zai tsallako.

Maƙwabciyar tawa malamar makaranta ce, Kirista, 'yar wajen Zariya. Mukan kai musu naman Sallah, su aiko mana da cincin ɗin Kirsimeti. To amma a lokacin zukatan mutane a ɗar-ɗar suke. Na ji tsoron in yi magana ta zaci korarsu muka fara yi da dabara. Maigidana ma ya ce, "Ki bari, haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne." Muka rufe taga, muka ci gaba da kai wa asibiti kuɗin Makka.

Wata safiya muna layin ganin likita, sai ga maƙwabciyar tawa a kan benci, rungume da tata 'yar, ita ma tana jan numfashi da ƙyar.

"Hajiya, ke ma?" in ji ta. Hajiya take ce mini, alhali ko ƙofar jirgi ban taɓa gani ba.

Na ce, "Malama, me ya same ta?"

"Likita ya ce hayaƙi."

"Mu ma haka ya ce."

Kowa ta kama kallon takalminta. Can ta nisa ta ce, "Hajiya, don Allah kada ranki ya ɓaci. Janaretanku ɗin nan..."

Bakina ya riga ni. "Naku fa?"

Muka kalli juna, sai dariya. Mun yi ta har da hawaye, sai da wata nas ta leƙo ta ce, "Bayin Allah, nan asibiti ne, ba gidan biki ba!"

Ashe kowane maigida ya kai nasa injin can nesa da falonsa, don kada ƙara ta dami baƙi. Namu ya faɗa tagar 'ya'yanta, nasu ya faɗa tagar nawa. Ita ma ta daɗe tana haɗiye maganar, wai kada mu ce sun raina masu gari.

Bayan la'asar mazan suka haɗu a bakin katanga, kowa yana rantsuwa nasa ba ya hayaƙi. Da bakanike ya tayar da su biyun, duk suka ja baya suna tari. Aka mayar da su can ƙarshen fili ƙarƙashin mangwaro, aka sa musu dogon bututu mai kallon sama.

Ciwon bai ɓace gaba ɗaya ba, na daɗe ina yawo da abin shaƙa a jakata. Amma kwanciyar asibiti ta yi wuya, asusu ya samu ya numfasa. Shekarar da ta zagayo mahaifiyata ta hau jirgi.

Da ta dawo, Malama ta shigo yi mata barka. Ta durƙusa ta ce, "Mama, yau dai mun samu Hajiya ta gaske a gidan nan." Mahaifiyata ta miƙa mata dabino da mayafi ta ce, "Ungo, 'yata. Da ba ki buɗe baki ba, da har yanzu a rediyo nake aikin Hajji."

Har yau in na wuce layin asibiti na ga uwaye da yara masu tari, sai in tuna benci ɗin nan. Gidaje nawa ne guminsu ke ƙarewa a kan iskar da suke shaƙa, kunya ta hana su ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci? Allah Ya ba yaranmu lafiya. Ni dai tun daga ranar, in abu ya tsallako katanga, mayafina nake ɗauka in zagaya in yi sallama.